Abin da maƙeran Katako suka ce kan ɗanyen sanholo

An tattauna da maƙeran tukwane na kasuwar Katako a Yamai kan sanholon da ba a shafa wa fenti ko wani magani ba. Bakinsu ya zo ɗaya: ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, domin da ya sha iska sai wata siririyar fata ta rufe shi. Shi ya sa suka ce a daina dirje tukunya da yashi kullum, fatar ake kankarewa.

Gardama ta fi zafi kan abin da ake narkawa. Sanholo na narkewa a wajen digiri 660, gawayi da zuga-zugi sun isa, amma tarkacen injin mota na iya zuwa da dalma, wadda guba ce. Dattawan suka ce gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane su tafi ga kayan girki, tarkacen mota kuwa ga murhu da makamantansa. Ni ma nan na tsaya, ko da tukunyar za ta ƙara tsada.

Ga masu girki: kada miyar yakuwa, tsamiya ko tumatir ta kwana a cikin tukunyar sanholo. Kanwa ma tana cin sa.