"Kowa ya ci ladan kuturu…" Aski nawa ne a cikin ladan?

Mai Ɗinkin Yamma: Salamu alaikum. Ina aiki a wani shagon magani, daga takwas zuwa biyar. Bayan magariba ina ɗinka hijabai a gida, ina tallarsu a WhatsApp. Jiya maigidan shagon ya ga tallar, ya ce in zaɓi ɗaya. Da na ce ai lokacina ne, sai ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Don Allah, nan ne muhallin wannan karin maganar?

Jikan Wanzamai: 'Yata, ya ja karin maganar inda ba ta kai ba. Mutane ne ke ƙyamar taɓa kuturu, to wanzamin da ya riga ya karɓi kuɗinsa ba shi da bakin cewa yana ƙyama. Iyakarta ke nan. Ladan aski aka ba ka, aski za ka yi. Ba a ce har ƙaho da cire beli sun shiga ciki ba.

Ɗan Kwari: Baba, a yi mana adalci mu ma. Taura biyu ba ta taunuwa. Na yi wani yaro da ya buɗe POS, wai na dare. Ba a yi wata biyu ba, mai sayen atamfa na tsaye, shi yana can yana rigimar kuɗin da ya maƙale a waya.

Jikan Wanzamai: Wannan askin ne bai yi ba, Alhaji. Karin maganar ta kama shi. Ita kuwa wa ya ce ta yi latti ko ta yi gyangyaɗi a kan kantar shago?

Akawu: Mu na gwamnati a rubuce yake. Kundin tsarin mulki na 1999, Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'ar kansa, in ban da noma. Ga mafi ƙarancin albashi naira 70,000 tun 2024. Ku leƙa titi bayan la'asar ku ga masu jan Adaidaita Sahu, wasu da takalmin ofis.

Maman Biyu: Ni dai zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Ɗan Kwari: Hajiya, zomo ba ya zuwa wurin giwa karɓar albashi ƙarshen wata.

Maman Biyu: To bari in tambaye ka, Alhaji. A da, yaron shago a gidan maigida yake ci, shi ke masa kayan sallah, in ya yi ciwo shi ke jinya, ya yi masa aure, ƙarshe ya sallame shi da jari. Wannan in ya ce kada ka fita da dare, ya isa. Na yanzu albashin da ba ya kai sha biyar ga wata yake bayarwa, amma yana son ikon wancan. Wanne ne maigidanta?

Akawu: Abu ɗaya, ƙanwata: kin sa hannu a wata takarda da aka ɗauke ki? In an rubuta sharaɗin kin yarda, to ya shiga cikin ladan.

Mai Ɗinkin Yamma: Ba takarda, Yaya, da baki muka yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, hijabai uku matarsa ta saya a wurina, ɗaya ma ba ta biya ba tukuna.