Mitar awo ta ƙi amsa wa kwamfuta

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina gyaran inbata da batiran sola, kuma akwai wani maigida, abokin mahaifina ne ma, da ya kawo ƙorafin cewa batiran da na sa masa suna mutuwa kafin asuba, alhali duk sanda na auna su da rana lafiya lau suke. Shi ya sa na ɗebi kuɗin da na ajiye na rufin shago na sayi mitar awo ta gwanjo, HP 34401A, domin kwamfuta ta riƙa karanta ƙarfin batirin kowane minti har gari ya waye. Na haɗa ta da adaftar USB ta kafar GPIB mai fil 24 (kafar da na'urorin awo suke magana da kwamfuta ta cikinta), na aika *IDN?, umarnin da ke tambayar na'ura sunanta, ta manhajar PyVISA, amma shiru kake ji har lokacin jira ya ƙare. Mutumin ya ba ni zuwa Juma'a.

Injiniya, Gusau:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, matsalarka adireshi ce, ba wani abu ba. Kowace na'ura a kan GPIB tana da lamba tsakanin 0 da 30, wannan mitar kuma da 22 take fitowa daga masana'anta, amma wanda ya riƙe ta kafinka yana iya sauya ta. Idan ya bar ta a 31, magana kawai take yi, ba ta sauraron umarni. Ka kashe ta ka kunna, ka zuba wa allonta ido, za ta nuna maka lambar.

Wani ɗan'uwa, Argungu:
Malam, da ni ne da na rabu da GPIB gaba ɗaya. Bara wani ɗan kasuwa ya sayar mini da adafta ta jabu, na yi mako biyu ina zargin kaina, da na mayar masa kuma ya ce kaya sun bar shago. Mitar tana da kafar RS-232 a baya, wata hanyar ce ta haɗa ta da kwamfuta. Ka nemi igiyar da ta dace, ka fara aika SYST:REM, umarnin da ke sa ta saurari kwamfuta.

Injiniya:
Wannan ɓata masa lokaci ne. Tsarin GPIB da aka daidaita tun 1975, mai ɗaukar na'urori 15 a igiya ɗaya, ba za a yar da shi saboda mugun ɗan kasuwa ɗaya ba. Kuma kafa ɗaya kawai mitar take amfani da ita a lokaci guda, sai an zaɓa daga maɓallan gaba.

Wani, Zuru:
Wace manhajar VISA, wato wadda PyVISA take bi ta kai ga adaftar, ka saka a kwamfutar, kuma tana ganin adaftar kuwa?

Mai tambaya:
Yallaɓai Injiniya, na gode, amma 22 ɗin na rubuta kamar yadda littafin ya ce, kuma wanda ya sayar mini ya rantse bai taɓa komai ba. Adaftar ma ba ta jabu ba ce, domin da tsada na saye ta. Ina ganin zan sake rubuta shirin ne daga farko idan an kawo wuta.

Injiniya:
Ƙanena, ka duba allon ko ba ka duba ba?