Sunan da ya dace da "liquid crystal" a Hausa

Na ga ana rubuta "lu'ulu'u mai ruwa" a matsayin fassarar "liquid crystal", wato abin da ke kwarara amma ƙananan ƙwayoyin cikinsa suna jere bisa tsari, kuma ina ganin bai kamata mu bari ta zauna ba, domin wanda ya ji ta zai zaci dutse ne mai daraja aka tsoma a ruwa. Wani ya kawo shawarar "ruwan ƙarau", amma ƙarau gilashi ne, shi kuwa gilashi, duk da taurinsa da sheƙinsa, ƙwayoyin cikinsa a hargitse suke, alhali abin da masana ke nufi da kiristal shi ne jeruwar ƙwayoyi bisa tsari mai maimaita kansa.

A shekarar 1888 ne Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai ɗan ƙasar Austiriya, ya lura cewa wani sinadari da aka samo daga kolestarol yana narkewa sau biyu: a wajen digiri 145 na ma'aunin Salsiyos ya narke amma bai washe ba, sai da zafi ya kai wajen 178 sannan ya yi garau. Otto Lehmann, masanin fizis na Jamus, shi ya bincika wannan hali na tsakiya ya raɗa masa suna. Irin wannan, wanda zafi ke sarrafawa, shi ne ke cikin allon wayoyi da kwamfutoci da yawa.

Nau'in da ya fi gwada ingancin kowace kalma shi ne wanda ke samuwa cikin ruwa. Ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa, haka ma kitsen da ke cikin fatar ƙwayoyin halitta. Idan yawansu cikin ruwa ya kai wani mizani, sai su dunƙule kamar ƙwallo, jela a ciki, kai a waje. Idan aka ƙara, sai dunƙulen su miƙe su zama dogayen sanduna da ke jeruwa kamar saƙar zuma, kowace sanda da maƙwabta shida. In aka ƙara kuma, sai su shimfiɗu hawa-hawa, kowace shimfiɗa ruɓi biyu, jela na fuskantar jela, ruwa kuma na kwance tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa. Wannan ruɓi biyun ne masana biyu, Gorter da Grendel, suka nuna a 1925 cewa shi ne ginin fatar jajayen ƙwayoyin jini. A siffofin sanduna da shimfiɗu jerin yana nan daram, amma kowace ƙwaya tana zamewa tana canja maƙwabta.

Saboda haka nake ba da shawarar "jeri mai kwarara". Na guji kalmar "ruwa" da gangan, tun da a Hausa ita ce ruwan sha, ita ce kuma duk abin da ya narke, kuma zai yi nauyi a ce "ruwa mai tsari a cikin ruwa". Na farkon sai a kira shi jeri mai kwarara mai bin zafi, na biyun kuma mai bin yawan ruwa.

Akwai suka ɗaya da na yarda tana da ƙarfi. Tsakanin sanduna da shimfiɗu a kan sami wata siffa mai kauri ƙwarai, wadda ko an karkata mazubi da ƙyar take motsi, don haka ana iya cewa ba ta kwarara. Amsata ita ce kwararar da ake nufi ta ƙwayoyin ce a cikin jerinsu, kuma sunan Turancin ma yana da wannan rauni.

Saura "surfactant", wato sinadarai irin sabulu masu kai mai son ruwa da jela mai gudunsa. An ce "mai fuska biyu", amma kowa ya san sunan munafuki ne, sabulu kuwa ɗaya ne kawai daga cikin irinsu. Ni dai "kai-da-jela" nake rubutawa, har sai wani ya kawo wadda ta fi ta.