Takarda Ta Isa, Ko Sai An Tsaya Gaban Alƙali?

Barista: Ni dai ina nan kan bakana. A shari'ar bashi ko kwangila, yawan tsayuwa gaban alƙali ɓata lokaci ne. Tun da Legas ta sauya dokokin babbar kotunta a 2004, shaida rubuta bayaninsa yake yi, ya rantse a kai, a shigar tare da ƙara, jihohi da dama kuma suka bi sahu. Sashe na 36 na tsarin mulki cewa ya yi a saurari kowa bisa adalci, bai ce dole da baki ba.

Hajiya: Barista, wa ke rubuta bayanin? Ba ku ba? Ku tsara shi da Turanci, tsoho ya dangwala yatsa. A rikicin filinmu kawuna bai san rabin abin da aka ce ya faɗa ba.

Barista: Ai lauyan ɗaya ɓangaren zai yi masa tambayoyi, Hajiya.

Hajiya: To ka dawo hanya! Da baki ake tambayoyin ko da biro?

Malam: A kotunan shari'ar Musulunci ma ba a kai nan ba. Mai ƙara ya yi da'awa, wanda ake ƙara ya amsa ko ya musa, shaidu su zo a gabansa, yana da damar sukar su. Kafin hukunci kuma sai an yi i'izari, alƙali ya tambaye shi ko yana da sauran hujja. Tuhfa, littafin fiƙihun Malikiyya kan alƙalanci, ta kawo shi ƙarara, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda an tsallake shi.

Ɗan Kwari: Allah gafarta Malam, ku zo ku ga mai bin bashi. Mutum ya sa hannu ya karɓi kaya, bai musa ba, amma yau lauyansa ba lafiya, gobe shaida yana Umra. Wane sauraro ya rage? Jarina ne ke narkewa.

Barista: Abin da nake nufi kenan. Inda ba a musu kan abin da ya faru, takarda ta wadatar. In rubutacciyar rantsuwar ɓangarorin ta ci karo, tun 1976 Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Falobi a kira shaidu a ji daga bakinsu.

Hajiya: Ka taɓa ganin rikicin fili ko gado da ba musu?

Barista: Ban ce fili ba, bashi na ce.

Ɗan Kwari: Nawa bashin dai an sake ɗage shi sai bayan hutun alƙalai.