Yaƙin Dryfe Sands: abin da aka ba mai son nazarinsa shawara

Da aka tattauna yadda za a fara nazarin yaƙin da dangin Maxwell da na Johnstone suka gwabza kusa da Lokabi a Sikotlan cikin Disamba 1593, shawarar da ta fi yawa ita ce kada a fara daga ranar yaƙin. A koma baya ga muƙamin mai tsaron iyakar yamma da Ingila, wanda gidajen biyu suka yi ta ƙwacewa daga hannun juna, da kuma ƙone gidan Lochwood na Johnstone a 1585. Daga nan gabar ta yi tsami.

An kuma ja kunne kan adadin mayaƙa da na matattu, domin kowane ɓangare ya ƙara gishiri. Abin da ba a jayayya a kai shi ne Lord Maxwell, shugaban dangin Maxwell, ya fi yawan mutane, amma aka kashe shi.

Wasu suka ce a bi labarin har 1608, lokacin da ɗansa ya harbe Sir James Johnstone, shugaban dangin Johnstone, a wurin zaman sulhu, abin kunya ƙwarai. An fille wa ɗan Maxwell ɗin kai a Edinbara a 1613.