Keken Tsere Mai Araha: Zai Kai Mutum Madina da Kayansa, Ko Iyakarsa Bakin Teku?

Wani matashi mai aiki a Jidda: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Maganar da nake so mu tattauna ita ce, a ganina keken tsere mai araha, irin mai lanƙwasasshen hannu da siraran tayu, ya isa mutum ya je aiki da shi kullum, kuma ya isa ya ɗaura masa kaya ya yi doguwar tafiya ta kwanaki. Na sayi nawa na hannu a kasuwar gwanjo ta Haraj shekara biyu da suka wuce. Gangar jikinsa ta alminiyom ce, giyarsa Shimano Claris mai hawa takwas a baya, wadda ke ƙasa da Sora da Tiagra da 105 a jerin kamfanin. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake zagaya Kurnish, wato titin bakin teku, ranar Juma'a da asuba, kuma ina da niyyar in hau shi zuwa Madina idan sanyi ya shigo, ta hanyar Rabig da Badar, tafiyar da ta haura kilomita 400. Abokaina sun ce hauka nake yi, wai sai na tara kuɗin keken da ya ninka nawa sau biyar. Ni kuwa ban ga abin da wancan zai yi wanda nawa ba zai yi ba.

Bakaniken keke a Makka: Wa alaikumus salam. Yaro, na kai shekara talatin ina gyaran sikal, kamar yadda Larabawan nan ke kiransa, kuma kafin in ce maka e ko a'a, sai mun raba kalmar araha gida biyu, domin a nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai keken da kamfanin kirki irin su Giant ko Trek ya ƙera ya sa masa ƙananan kaya don farashi ya sauko, akwai kuma wanda ake jerawa a manyan kantuna kusa da kayan wasan yara, mai fenti mai walƙiya da sunan da babu wanda ya taɓa ji. Na farkon araha ne na gaskiya, na biyun kuwa shi Bahaushe ke nufi da ya ce araha ba ta ado. A makon jiya aka kawo mini irinsa bai cika wata uku ba: na matsa birki, ƙarfen ya lanƙwashe a hannuna kamar cokali, na kwance cibiyar tayar baya na tarar ko ɗigon giris babu a cikin boris ɗin tun daga masana'anta. Idan naka na rukunin farko ne, zuwa aiki ba matsala. Doguwar tafiya da kaya kuwa ina da ja, kuma jana yana kan tayar baya. Keken tsere an yi shi ne don mutum ɗaya da gorar ruwa biyu, shi ya sa sau da yawa za ka ƙirga sifokinsa, wato wayoyin tsakiyar taya, ka samu 24 ko 28, alhali keken ɗaukar kaya 32 ko 36 ake sa masa. Ka ɗora kilo goma sha biyar a baya, ka faɗa rami ɗaya da gudu, sifoki ɗaya ya tsinke, sauran su fara bin sa ɗaya bayan ɗaya, kuma tsakanin Rabig da Badar ba ni za ka samu a bakin hanya ba.

Ɗalibi a Madina: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin kun tsaurara. Wani Bajamushe mai suna Heinz Stücke ya bar gida a 1962 ya yi kusan shekara hamsin yana zagaya duniya, kuma mafi yawan tafiyar a kan keke mai giya uku ya yi ta. Mu ma namu, Aliyu Abdullahi Bala ya taso daga Jos a kan keke a 2021 ya iso ƙasa mai tsarki a ƙarshen 2022. Wannan yana nuna mini cewa ƙafa da haƙuri ne ke yin tafiya, tsadar ƙarfe ba ta cikin lissafi.

Bakaniken keke a Makka: Malam, misalinka ni ya taimaka. Keken wancan Bajamushen mai nauyi ne, na baƙin ƙarfe, ɗan uwan Rali da Finis da iyayenmu suka riƙa ɗora wa buhun gero a gida. Ai ban ce keke mai arha ba ya tafiya ba. Cewa na yi keken tsere ba don kaya aka yi shi ba.

Matashin Jidda: Baba, na ƙirga nawa yanzu, 32 ne a baya, kuma akwai ramukan ɗaura kariya, wato mazaunin kaya na baya, a jikinsa. Abin da na lura shi ne kekunan tsere masu tsada su ne aka fi rage wa sifoki da ramukan kariya don a rage nauyi, masu arahan kuwa kamfanoni sun san da su ake zuwa aiki, sai suka bar musu waɗannan abubuwa. Ga kuma maganar iska: duk wanda ya zauna a Jidda ya san iskar bakin Bahar Maliya daga arewa take yawan kaɗowa, wato mai tafiya Rabig da ita zai yi ta karo tun hantsi har la'asar, kuma a nan lanƙwasasshen hannu yake da rana, domin mutum zai sunkuya ya rage faɗin ƙirjinsa, ya kuma riƙa sauya wurin riƙo kada tafin hannu ya mutu.

Mai kai saƙon abinci a Riyad: Ni zan yi magana ne a kan rabin farko, na zirga-zirgar yau da kullum, wanda naga kowa ya amince da shi da sauri. Na yi wata takwas a kan keken tsere mai taya mai faɗin milimita 25, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Titin cikin unguwa ba Kurnish ba ne: akwai murafan magudanar ruwa masu tsaga da siririyar taya ke shigewa ciki, akwai tudun rage gudu, akwai fasassun kwalabe da 'yan wayoyin da ke fita daga tsofaffin tayun manyan motoci. A wata ɗaya na yi faci sau shida, kuma masu banshar, wato masu facin tayar mota, ba su da bututun da ya dace da siririn bakin iskar wannan tif ɗin, sai da na sayi ɗan ƙarfen da ake ɗaura masa. Ƙari a kan haka, wanda ya sunkuya ba ya ganin motar da ke fitowa daga lungu kamar wanda ya zauna a miƙe. Na sayar da shi na koma mai miƙaƙƙen hannu da taya mai kauri.

Matashin Jidda: Yaya, wannan laifin taya ne. Nawa ya zo da 25, na canza zuwa 28 mai kariyar huda a ciki, kuma tun daga lokacin sau biyu kacal na yi faci.

Wani dattijo haifaffen Maiurno, mazaunin Makka: Ina ta sauraronku, kuma babu wanda ya ambaci abin da ni nake ganin shi ne kan magana, wato ruwa. Kakanninmu da suka biyo hanyar Chadi da Sudan har Sawakin da ƙafa da jakuna, lissafinsu na kowace rana tazarar rijiya zuwa rijiya ce. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ko a watan Janairu mai tuƙa keke yini guda a wannan ƙasa zai sha lita da yawa, balle lokacin zafi da Makka ke haura digiri 45. To ɗana, idan keken naka gora biyu kawai yake ɗauka, sauran ruwan a bayan nan zai zauna, a kan tayar da bakanike yake jiye maka tsoro. Ka zauna ka rubuta inda kowane gidan mai da baƙala, wato kantin kayan masarufi, suke a hanyar tukuna, daga nan ne za ka san nauyin da za ka ɗauka, daga nauyin kuma za ka san ko keken ya isa.

Bakaniken keke a Makka: Alhaji ya faɗi abin da ya fi nawa. Tunda sifokinka 32 ne, na sassauta, amma da sharaɗi. Ka kai tayar baya wurin wanda ya iya ɗaure sifoki ya daidaita su duka, domin injin masana'anta ba ya ɗaure su daidai a keke mai arha. Ka duba giyarka mafi sauƙi: idan ƙaramin faifan gaba mai haƙora 34 ne, na baya mafi girma ya zama 32 ko 34, saboda daga Badar hanya hawa take yi, Madina tana sama da teku da kimanin mita 600, kuma ƙafar da ta kwana biyu tana tuƙi ba ta da ƙarfin ranar farko. Ka raba kayan, wani a hannun keke, wani a tsakiyar gangar jiki, kada ka tara su duka a baya. Abu ɗaya da zan yaba wa giya mai hawa takwas shi ne sarƙarta tana da kauri da arha, kuma kusan kowane shago yana da ita, ba kamar mai hawa goma sha biyu ba da sai an yi oda.

Mai kai saƙon abinci a Riyad: Ni dai ina nan a kan bakana game da cikin gari. Kuma ina so ya gwada kafin Madina: ya loda duk kayan da ruwan, ya je Suwal, wani gari a arewacin Jidda kan hanyar Rabig, ya kwana ya dawo, sannan ya zo ya gaya mana ko akwai sifokin da ya saki.

Matashin Jidda: Na karɓa, Yaya, zan yi hakan a hutun ƙarshen watan nan. Baba, na duba faifan baya yanzu, haƙoransa 28 ne, ba 32 ba. Idan na kawo shi Makka ranar Asabar bayan Azahar, zan same ku a shago?