'Yan Libaral na Ingila a 1906, da wane suna za mu kira su?

Jama'a a taimaka min. Ina ɗan rubutu ne kan zaɓen Birtaniya na 1906, wanda jam'iyyar Libaral ta Campbell-Bannerman ta yi wa 'yan mazan jiya kaca-kaca da kujeru kusan 400, sai na maƙale a kan sunansu. A rediyo "masu sassaucin ra'ayi" ake cewa, amma ni dai bai kwanta min ba, don abin da ya ci musu zaɓe ba wani sassauci ba ne, maganar burodi ce, tun 1903 Joseph Chamberlain, wani jigo a ɓangaren 'yan mazan jiya, yake yawo yana cewa a ɗora haraji kan kayan waje, su kuma suka ce atafau, har fosta suka buga mai babban burodi da ɗan ƙarami wai talaka ya zaɓa. Ga amsoshin da na samu:

— Malam ai "'yan sakin mara" kawai. A sakar wa ɗan kasuwa mara ya yi fitsari, gwamnati ta janye hannunta, shi ne aƙidar tun zamanin tsohon shugabansu Gladstone.

— Yaya wannan ta yi daɗin faɗa amma tana da ɓaraka. Su ɗin ne fa a 1908 suka kawo fansho, sule biyar duk mako ga talakan da ya kai shekara 70, a 1909 ministan kuɗinsu Lloyd George ya lafta wa masu filaye haraji har majalisar dattawansu ta yi watsi da kasafin. Wannan sakin mara ne ko riƙe ta?

— Ni sassaucin ne ke ba ni dariya wallahi. Suna kan mulki aka ƙone Satiru kusa da Sakkwato a 1906, lokacin Lugga. Ko a yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu ma kansu rabe yake, su Asquith, wani jigonsu, na goyon baya, Lloyd George na suka. Ku je ku gaya wa Basakkwace masu sassauci ne.

To na ji. Jam'iyyar zan bar ta Libaral yadda take, tunda suna ne. Aƙidar cinikin nan ba haraji zan ce mata sakin mara. Ta bayan 1908 ce har yanzu ban samu ba, wani ya ce min "sakin mara da tallafi", ya yi tsawo, a kawo wata.